Kafin ka sa Kirista a labarinka, ka san abin da ya yi imani da shi

 Yau ƙorafi na zo da shi, kuma na san wasu ba za su ji daɗinsa ba. To amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A 'yan watannin nan an turo mini rubuce-rubuce da dama don in duba, biyu daga cikinsu ne suka sa na kasa yin shiru. A na farko, marubuciyar ta kai mu cikin coci, ta tsayar da fasto a gaban jama'a yana umartar su da su durƙusa wa allolinsu uku, wato Allah da Maryamu da Yesu. A na biyu kuwa jarumar labarin Kirista ce da ta kamu da son wani Musulmi. Da iyayenta suka tayar da ƙayar baya, sai ta ce musu ai Musulunci da Kiristanci duk abu ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Nan take iyayen suka yi tsit, a babi na gaba aka ɗaura aure. Na tambayi marubutan biyu ko sun taɓa zama da wani Kirista sun tambaye shi abin da ya yi imani da shi. Ta farko ta ce ai abin sananne ne. Na biyun ya ce shi zaman lafiya yake son koyarwa.

Dukansu ba gaskiya suka rubuta ba. Ta farko ta cusa wa fasto maganar da babu faston da zai faɗe ta. Na biyu ya share bambancin da mutane suka rabu da iyayensu da garuruwansu a kansa, kamar wanda ke goge allo. Kuma cutar da ke damun su ɗaya ce: ƙyuyar bincike.

Ni Musulmi ne, na kuma san a wannan zaure akwai 'yan uwanmu Kiristoci da ke rubutu da Hausa. Ban zo yi wa kowa wa'azi ba, ban kuma zo yanke hukuncin wane ne ke kan daidai ba, wannan kowa ya san inda ya tsaya. Magana ce ta sana'a. Duk mutumin da ka ƙirƙira ka ba shi baki a labarinka, haƙƙinsa ne ya faɗi abin da irinsa zai faɗa. Idan ba ka san inda koyarwar Kiristanci ta rabu da ta sauran addinai ba, ba ka da ikon ba wa Kirista baki. Bari in nuna wuraren rabuwar ɗaya bayan ɗaya.

Wuri na farko shi ne maganar Allah kansa. Je ka tambayi kowane Kirista alloli nawa yake bauta wa, zai ce maka ɗaya, kuma zai ji zafin tambayar. Koyarwarsu ita ce Allah ɗaya ne, amma a cikin wannan ɗayantaka akwai uku: Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wannan suke kira Triniti. Babu cocin da ke lissafa Maryamu a cikin ukun a yau, ko Katolika, ko Otodoks, ko Furotesta. 'Yan Katolika suna girmama ta ƙwarai, suna roƙon ta ta yi musu addu'a, 'yan Furotesta kuwa ba su yarda da ko wannan ba. Haka nan idan Kirista ya ce Ɗan Allah, ba ya nufin aure da haihuwa irin ta mutane, zai ma ce maka wannan fassarar saɓo ce. Yana nufin dangantaka ce da ba ta da farko. A kan wannan batu aka yi babban taro a garin Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekarar 325, bayan wani malamin coci na Iskandariya mai suna Ariyus ya koyar da cewa Ɗan halitta ne. Taron ya yi watsi da ra'ayinsa.

Shin wannan bayani ya gamsar da Musulmi? Bai gamsar ba. Tauhidin Musulunci bai bar ƙofar uku a cikin ɗaya ba ta kowace fuska, haka ma Yahudanci. Nan bambancin yake, kuma babba ne. Amma ka rubuta bambancin da ke akwai. Musulmin labarinka yana iya cewa shi bai ga yadda uku za su zama ɗaya ba, wannan maganarsa ce. Faston labarinka ba zai taɓa cewa alloli uku ba.

Wuri na biyu shi ne Annabi Isa (AS), wanda Kiristoci ke kira Yesu Almasihu. Nan ne masu cewa duk ɗaya ne suke samun abin riƙewa, domin kusancin yana da yawa. Musulmi ya yi imani da haihuwarsa ba tare da uba ba, da mu'ujizojinsa, da dawowarsa a ƙarshen zamani. Sura ta 19 a Alƙur'ani sunan mahaifiyarsa take ɗauke da shi, ita ce ma kaɗai macen da aka ambata da sunanta a cikin Littafin. Yahudanci kuwa bai karɓe shi a matsayin Almasihu ba, bai kuma lissafa shi cikin annabawa ba. To amma a daidai inda Kiristanci ya kafa turakunsa, nan hanya ta rabu. Kirista ya yi imani an gicciye Yesu, ya mutu, ya tashi daga matattu a rana ta uku. Musulmi ya yi imani ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi. Ga Kirista gicciye shi ne ginshiƙin gidan gaba ɗaya, in ka cire shi rufin ya faɗo. Shi ya sa a wurin malaman coci bikin Ista ya fi Kirsimeti nauyi, ko da yake Kirsimeti ya fi shinkafa da sababbin kaya. Marubucin da bai san wannan ba, Kirsimeti kawai zai riƙa kai mu.

Wuri na uku shi ne zunubi da ceto, kuma shi ya fi shafar mai rubuta labari, domin shi ke gaya maka abin da ke cikin zuciyar mutum idan ya yi laifi. A Musulunci kowane jariri ana haihuwar sa a kan fiɗira, babu laifin kowa a kansa. Annabi Adam (AS) ya yi kuskure, ya tuba, an yafe masa, magana ta ƙare, kuma babu mai ɗaukar nauyin wani. A Kiristanci faɗuwar Adamu ta taɓa zuriyarsa duka, ta bar ɗan Adam da lalacewar da ba zai iya gyara ta da ƙoƙarinsa ba. Wanda ya fi kowa fayyace wannan koyarwa a cocin Yamma ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na garin Hippo da ke Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 430. Cocin Gabas suna sassauta maganar, suna cewa mutuwa da karkata zuwa zunubi aka gada, ba laifin kansa ba. Amma duka sun haɗu a kan cewa mutum yana buƙatar mai fansa, kuma mutuwar Yesu ita ce fansar. Ceto a wurinsu kyauta ce, suna kiran ta alheri, ana karɓar ta ta wurin bangaskiya.

Kada wannan ya sa ka rubuta cewa Kirista yana ganin an ba shi lasisin aikata abin da ya ga dama tunda an riga an mutu dominsa. Babu cocin da ke koyar da haka, kamar yadda babu malamin da ke koyar da cewa faɗin kalmar shahada ya halatta sata. Shi ma Musulmi ai ya san ba aikinsa kaɗai zai shigar da shi Aljanna ba sai da rahamar Allah. Bambancin yana wajen hanya: Musulmi yana tuba kai tsaye, babu wani jini da aka zubar dominsa, Kirista kuwa yana tuba yana dogara da jinin da ya yi imani an zubar.

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun san wata hanyar ta uku. Sau nawa muka ga jarumi ya mutu a farkon fim, an sake haihuwar sa a wani gida ya dawo ɗaukar fansa? Wannan daga koyarwar addinin Hindu ya fito: rai yana zagayawa daga jiki zuwa jiki, abin da ya shuka a rayuwar baya shi yake girba a wannan. Addinin Buddha ma ya yarda da sake haihuwa, bai kuma gina koyarwarsa a kan Mahalicci ba. A nan Kirista da Musulmi sahu ɗaya suke: rayuwa ɗaya, mutuwa ɗaya, sai tashin ƙiyama da hisabi. Haka kuma 'yan Hindu suna cewa Bishnu ya sauko duniya sau da yawa, ya zo a matsayin Rama, ya zo a matsayin Krishna. Kirista yana cewa Allah ya zama mutum sau ɗaya tak a tarihi. Musulmi yana cewa ko sau ɗaya bai faru ba. Amsoshi uku ke nan mabambanta, wane mai hankali ne zai ce suna ne kawai ya raba su?

Wuri na huɗu shi ne littafi, kuma nan ne muka fi yin tuntuɓe. Mun ɗauka Baibul a wurin Kirista daidai yake da Alƙur'ani a wurin Musulmi. Ba haka lissafin yake ba. Musulmi ya yi imani maganar Allah ta sauko ta zama Littafi, da Larabci, harafi da harafi. Kirista ya yi imani Kalmar Allah ta sauko ta zama mutum. Ke nan matsayin da Alƙur'ani yake da shi a Musulunci ya fi kusa da matsayin Yesu kansa a Kiristanci. Littafi Mai Tsarki kuwa tarin littattafai ne da mutane daban-daban suka rubuta cikin ɗaruruwan shekaru, da Ibrananci da Aramiyanci da Girkanci, kuma Kiristoci sun yi imani Ruhun Allah ne ya bishe su. A hannun 'yan Furotesta littattafan 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. A hannun 'yan Katolika 73 ne. Linjila huɗu ce: ta Matiyu da Markus da Luka da Yohanna.

Saboda haka idan Musulmin labarinka ya ce wa fasto ai mutane ne suka rubuta littafinku, faston ba zai suma ba, ya san da haka tun yana makarantar Lahadi. Haka nan ka daina rubuta fagen da ake zaro Linjilar Barnaba daga jaka sai fasto ya fashe da kuka. Babu cocin da ke karanta ta, tsofaffin kwafinta da ake da su da Italiyanci da Sifaniyanci suke, kuma ba su wuce ƙarshen ƙarni na 16 a tsufa ba. Taron Nikiya ma da ake yawan cewa a can aka zaɓi Linjiloli aka ƙona saura, ba wannan ne aikin da ya yi ba.

Daga wannan bambanci wani ya fito. Musulmi a Kano da na Jakarta da Larabci suke salla, fassarar Alƙur'ani kuwa fassarar ma'ana ce. Kiristanci bai da harshen da ya zama dole a yi ibada da shi, Baibul na Hausa Baibul ne cikakke a wurinsu. Masanin nan ɗan Gambiya, Lamin Sanneh, ya gina littafin da ya wallafa a 1989 a kan wannan batu na fassara. Shi ya sa tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa. Kuma a cikinsa Allah ake cewa. Wanda ya sa Bahaushe Kirista yana kauce wa kalmar Allah a labarinsa, bai taɓa wucewa ta ƙofar coci ranar Lahadi ba.

Wuri na biyar shi ne shari'a. Musulunci da Yahudanci addinai ne masu dokoki filla-filla a kan abinci da tsarki da yanka da gado. Kiristanci ya ɗauki wata hanya tun farkonsa. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin taron da almajiran Yesu suka yi a Urushalima wajen shekara ta 50, inda suka yanke cewa waɗanda ba Yahudawa ba idan suka karɓi addinin ba dole ba ne su yi kaciya ko su ɗauki dukan dokokin Attaura. Don haka Kiristan da ya ci naman alade bai karya dokar cocinsa ba a mafi yawan ɗariƙu, ko da yake 'yan Adventist da cocin Habasha ba sa ci. Amma rashin irin shari'armu ba rashin doka ba ne. Mace ɗaya coci ta sani a aure. Cocin Katolika ba ta yarda da saki ba. Coci-coci da yawa a Arewa, irin su ECWA, suna hana mambobinsu shan giya. Akwai azumin kwana 40 kafin Ista. To don me kowane Kirista a littattafanmu sai an gan shi da kwalba, kowace Kirista sai an gan ta da guntun siket? Ba ku taɓa ganin matan Zumunta da zane da ɗankwali iri ɗaya suna tafiya gaisuwar mutuwa ba?

Sannan ku sani su ma ba tsintsiya ɗaya ba ne. Cocin Masar da na Habasha sun rabu da saura bayan taron 451. Gabas da Yamma sun rabu a 1054. Martin Luther ya tayar da tasa ƙurar a Jamus a 1517. Fada na Katolika ba ya aure, faston ECWA ko COCIN ko EYN yana da mata da 'ya'ya. Ɗan Katolika da ya yi laifi zai je ya furta zunubinsa a gaban Fada, ɗan Baftis ba zai je ba. Shaidun Jehobah ma ba su yarda da Triniti ba. Yadda za ka yi dariya idan wani baƙo ya rubuta ɗan Izala yana jagorantar wazifa, haka suke dariya idan ka ba faston Baftis carbin Katolika.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko: karanta aƙidar wasu yana raunana imani. Magabatanmu ba su ji wannan tsoro ba. Albiruni ya koyi harshen Sanskrit, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030, ya bayyana abin da 'yan Hindu suka yi imani da shi yadda su suke faɗa. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya tsara addinai da ƙungiyoyi a cikin Al-Milal wan-Nihal. Babu wanda ya bar Musulunci a cikinsu. Imanin da sanin maƙwabci zai rusa, da ma can a tsage yake.

Na biyu, wanda marubucin nan mai son zaman lafiya ya faɗa mini: fito da bambanci yana haddasa fitina. Ku tuna hijirar Habasha wajen shekarar 615. Lokacin da jakadun Ƙuraishawa suka so su haɗa Musulmi da Sarki Najjashi, batun Annabi Isa (AS) suka tono, don sun san nan ne bambancin yake. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) yana gudun hijira, ransa yana hannun sarki Kirista, ga malaman coci a zaune. Bai ce duk ɗaya ne ba. Ya faɗi abin da Musulunci ya koyar, cikin ladabi, kuma sarkin ya ƙi miƙa su. Zaman lafiyar da aka gina a kan ɓoye bambanci, ranar da wani ya ɗaga murya ya tono shi, ranar zai rushe. Wanda ya san daidai inda ya rabu da maƙwabcinsa, ya kuma san inda suka haɗu, shi ne mai wuyar zugawa.

Yanzu mu koma ga labarin auren nan, ku ga abin da marubucin ya zubar. Uwar yarinyar ta yi imani babu ceto sai ta wurin Yesu. Idan 'yarta ta bar coci, a zuciyarta ba suruki kawai ta samu wanda ba ta so ba, 'ya ta rasa har lahira. Irin wannan ciwon ne dai uwa Musulma za ta ji idan ɗanta ya bar salla ya karɓi baftisma. Ga uwa tana kuka da dalili, ga 'ya tana son mutum da gaske, ga saurayi da nasa iyayen da nasu sharuɗɗan. Wannan shi ne labarin, shi zai hana mai karatu barci. Marubucin ya kashe shi da jimla ɗaya don ya gudu daga wahalar bincike. Ita kuma ta farko, duk Kiristan da ya karanta shafin nan na alloli uku zai rufe littafin, kuma ba zai ƙara yarda da komai da ta rubuta ba, har abin da ta faɗa daidai.

Abin takaicin shi ne ba nesa za mu je neman sani ba. Daga cikin littattafai biyar na farko na ƙagaggun labaran Hausa da aka buga a shekarun 1930 akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida, mutumin Wusasa, ya rubuta tare da Rupert East. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, Bahaushe ne Kirista. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi. Miliyoyin mutane daga Filato zuwa Adamawa, daga Kudancin Kaduna zuwa Kudancin Borno, da Hausa suke sujada duk Lahadi. Sunayensu Bitrus da Bulus da Istifanus da Ayuba, da Saratu da Rifkatu da Rahila da Hannatu. Suna da kalmominsu: bishara, baiko, baftisma, Jibin Ubangiji, ikilisiya. Mu kuwa kullum sai John da Mary, kuma sai mun ɗauko su daga Kudu, kamar babu Kirista a layinmu.

Ga aikin da nake ba mu a wannan mako. Duk mai Kirista a cikin labarin da yake rubutawa, ya ajiye alƙalami, ya nemi abokin aiki ko maƙwabci ko tsohon ɗan ajinsu, ya yi masa tambayoyi uku: wane ne Yesu a wurinka, me kake yi idan ka yi zunubi, me kake fata bayan mutuwa? Kada ka yi musu, kada ka gyara masa, rubuta kawai. Bayan ka gama babin, ka karanta masa. Idan ya ce e, haka za mu faɗa, ka ci jarrabawa, ko da kai ba ka yarda da kalma ɗaya a ciki ba. 'Yan uwanmu Kiristoci da ke sa Musulmi a nasu labaran, wannan ma'aunin ya hau kanku ku ma, domin mun ga limaman da kuke ƙirƙira, ba mu gane su ba.

Matambayi ba ya ɓata. Wanda yake ganin na yi kuskure a wani wuri, ƙofa a buɗe take, ya kawo hujjarsa mu ƙaru da juna. Allah ya yi mana jagora, ya sa alƙalumanmu su zama masu adalci. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.